Barin ƙungiya ba ridda ba ne, ku daina jefa kalmar nan

Tun jiya nake karanta abin da ake rubutawa a ƙarƙashin bidiyon yaron nan da ya ce ya bar tafiyar da ya tashi a cikinta ya koma wata, ana ta cewa wai ya yi ridda, raina sai ƙara ɓaci yake. Da gangan ba zan ce daga ina ya fito ko ina ya koma ba, domin da ɗan Izala ne ya karɓi ɗariƙa, da ɗan ɗariƙa ne ya koma Izala, hukuncin ɗaya ne: bai yi ridda ba. Yana kalmar shahada, yana salloli biyar, yana kallon alƙibla, yana azumin Ramadan. Amma har an samu masu cewa iyayen matarsa su je su ɗauko 'yarsu. Subhanallah!

Jama'a, kun san nauyin abin da kuke rubutawa kuwa? A fiƙihun Malikiyya da muke bi, idan ridda ta tabbata a kan mutum, aurensa ya warware. Ba ya gadon mahaifinsa, 'ya'yansa ba sa gadonsa. Ba ya zama waliyyin 'yarsa ranar ɗaurin aure. Ba a cin yankansa. In ya mutu ba wanka, ba salla, ba a kai shi maƙabartar Musulmi. Duk wannan yana cikin kalmar nan guda da wani ya danna da babban yatsa yana kishingiɗe. Saboda wannan nauyin ne malamai ba su bar hukuncin a hannun kowa da kowa ba. Sai a gaban alƙali, sai da magana bayyananniya ta kafirci ko aikin da ba ya karɓar wani tawili, irin jefa Alƙur'ani cikin ƙazanta da gangan. A Muhtasar na Shehu Halil an ce shaidar da za a bayar a kan wannan sai an fayyace ta, wato bai isa shaida ya ce "ya kafirta" ba, sai ya faɗi ainihin abin da mutumin ya furta ko ya aikata, don wataƙila abin da shi yake ɗauka kafirci ba kafirci ba ne. Bayan duk wannan ma sai an nemi tubarsa har kwana 3. To wane alƙali ne ya zauna a kan yaron nan?

Mu duba abin da yake canzawa in mutum ya sauya tafiya. Wanda ya shiga Tijjaniyya yakan karɓi izini a hannun muƙaddami, ya ɗauki lazimi safe da yamma, istigfari 100, salatin Annabi 100, hailala 100, ya riƙa zama wazifa, ya halarci zikirin Juma'a bayan La'asar. Wanda ya fita ya ajiye waɗannan, ya koma ga azkar na safe da maraice, ya canza masallaci da malamin da yake ɗaukar karatu a wajensa. Wani ya koma ƙabalu, wani ya saki hannu. Ku nuna mini a cikin waɗannan wanne ne rukunin Musulunci. Raka'o'in farilla 17 ne a wuni kafin ya tafi, 17 ne bayan ya tafi.

Na san za a ce ai a can akwai bidi'a, ko a ce ai waɗancan ba sa ganin girman waliyyai. Wannan muhawara ce ta malamai, an daɗe ana yin ta, littattafai cike suke da ita, kuma ba ita ce maganarmu ba. Ka ce ya yi kuskure, ka kawo hujjarka, ba mai hana ka. Kuskure daban, fita daga addini daban. Risala da yaranmu ke karantawa a zaure ta faɗa tun a babin aƙida cewa ba a kafirta kowa daga ma'abota alƙibla saboda zunubi. Hadisin Anas a Buhari ya ce wanda ya yi sallarmu, ya fuskanci alƙiblarmu, ya ci yankanmu, wannan Musulmi ne. Kuma Manzon Allah (SAW) ya yi gargaɗi cewa idan mutum ya ce wa ɗan'uwansa kafiri, kalmar sai ta faɗa kan ɗayansu. Ni wannan hadisin kaɗai ya ishe ni in kama bakina.

Sai ka rasa yaushe ƙungiya ta zama ita ce addinin. Izala a 1978 aka kafa ta a Jos, ƙarƙashin Sheikh Isma'ila Idris, daga baya ma ta rabu ɓangaren Jos da na Kaduna. Shehu Ahmadu Tijjani ya rasu a Fas a 1815. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo Baƙadire ne, kuma ya sha rubutu yana raddi ga ɗaliban zamaninsa masu kafirta talakawa don sun kasa amsa tambayoyin tauhidi. Musulunci ya girmi waɗannan sunaye duka da ƙarnuka masu yawa. Wanda ya bar ɗaya daga cikinsu ƙungiya ya bari.

Yanzu kai ɗan'uwa mai sauya tafiya, kai ma da sauran magana a kanka, don a nan ne imani yake salwanta ba a lura ba. Haɗarin yana tsakanin sakin na hannu da kama na gaba. Mutum ya shekara goma lazimi ne ke zaunar da shi bayan Asuba, ya ajiye, bai maye gurbin da komai ba, wata biyu sai ka ga barci ya ci lokacin, har sallar ta fara kuɓucewa. Wani kuma ya daina zuwa darasin da ya saba tsakanin Magariba da Isha, bai samu sabon malami ba, sai wayarsa ta zama malaminsa. Ranar da ka ajiye wani wuridi, a ranar ka sa wani zikiri ko karatun Alƙur'ani a daidai wannan lokaci, ko da shafi biyu ne. Kada ka bar jam'i da sunan kana neman masallacin da ya dace, ka yi salla a na kusa da kai. Ka samu malami guda, mai zaure, ka zauna gabansa da littafi tun daga tsarki da alwala, ba guntayen bidiyo na raddi ba.

Sannan iyayenka. Kada ka shiga gida ka fara ƙwace carbin mahaifiyarka, ko ka ƙi cin naman layyar mahaifinka, ko ka tashi daga sahu don shi ne liman. A Suratu Luƙman, aya ta 15, iyayen da suke matsa wa ɗansu ya yi shirka ma cewa aka yi kada ya bi su a kan haka, amma ya zauna da su da kyautatawa a duniya. Ina ga mahaifin da ya ɗauke ka a kafaɗa ya kai ka makarantar allo? Kuma ba dole sai ka kafa waya ka sanar wa duniya ba. Rabin wannan fitinar kyamarar nan ce ta jawo ta.

Wani abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ma shi ne inda irin wannan rabuwar take ƙarewa. Layi ɗaya, gidaje ba su kai arba'in ba, masallatai biyu suna kallon juna, kowanne da lasifikarsa, kowanne sahu ɗaya da rabi da Asuba. Ba wanda yake da rijiya mai kyau, ba makewayi, butocin duk sun fashe, ladanan kuma ba wanda ake ba su ko kuɗin sabulu a ƙarshen wata. Kuɗin bulon da aka gina na biyun da ya isa a haƙa burtsatse a layin.