Bakano Zai Kai Waƙa Laminatin

Bakano: Malam, dubi abin da yarona ya sayo min a gwanjo a Landan. Waƙa ɗaya tal a falle ɗaya, amma kuɗin rago! Raka ni shagon laminatin.

Bazazzagi: Innalillahi! Ajiye ta, bawana. Shafa bayanta a hankali. Ka ji tudun haruffa?

Bakano: Na ji. Injinsu ya lalace ke nan, a rage min kuɗi.

Bazazzagi: Wannan tudun ka saya, Alhaji. Haruffan dalma aka jera ɗaya bayan ɗaya da hannu, aka danna su cikin takardar auduga. Zafin laminatin zai narka gam ya shige cikinta, ba ya fita kuma har abada.

Bakano: To, bari in daidaita gefen da almakashi, duk ya yi gashi-gashi.

Bazazzagi: Haka takardar hannu take fitowa daga ma'aikata. Ka yanke shi, masu saye su ce an taɓa ta, farashi ya faɗi.

Bakano: Wannan 37/100 fa? Marubucin ya faɗi jarrabawa?

Bazazzagi: Kwafi 100 aka buga, taka ce ta 37. Ga sa hannun mawaƙin a ƙasa.

Bakano: Da fensir! Talauci. Miƙo biro in bi kai.

Bazazzagi: Da gangan ake sa fensir, rana ba ta kashe shi, tawadar biro kuwa tana koɗewa, tana kuma naso. Kai, sauke hannunka, yanzu ka gama cin ƙosai! Wanke shi da sabulu, ka bushe shi sarai. Safar hannu ma ba dole ba ce, santsi take sawa a yaga takarda.

Bakano: Shi ke nan, in manna ta a bangon shago da salatif.

Bazazzagi: Salatif yakan zama rawaya, ya bar tabon da ba ya gogewa. In firam kake so, a yanko 'yan siraran takardar Japan guda biyu, a liƙa su ta sama kaɗai da kokon sitacin alkama, don ruwa kaɗan ke sake shi. A sa kwali marar asid a gefe-gefe tsakaninta da gilashi, in ba haka ba laima za ta manne su. Gilashin ya zama mai tare hasken da ke koɗar da launi. Kada ta fuskanci taga. Bayan wata uku ka sauke ta ta huta.

Bakano: Ta huta? Dako ta yi?

Bazazzagi: Haske ne ke cin ta. Kwantar da ita a shimfiɗe cikin akwatin kwali marar asid, ban da naɗewa, ban da ninkewa. Laimar ɗaki tsakanin kashi 30 da 50. Da damina in laimar ta haura kashi 65, hunhuna da jajayen ɗige-ɗige za su fito, hunturu kuma ya busar da ita ta yi ƙaras-ƙaras. Ɗaga akwatin daga ƙasa saboda gara, ka riƙa leƙawa duk wata don kyankyaso.

Bakano: Ashe amarya na sayo. To Malam, saura 99 ɗin suna hannun wa?

Bazazzagi: Ɗakunan karatu da masu tarawa.

Bakano: Allah Ya sa duk su yi laminatin.

Bazazzagi: Don me?

Bakano: Tawa ta zama 1/1 mana. Kai dai Bazazzagi ba ka san kasuwa ba!