Matasa, Ku Daina Kafa Ƙungiya Don Cin Kuɗin Tallafi

Assalamu alaikum ƙannena samari da 'yan mata, musamman ku da kuka shiga harkar ƙungiyoyi da gidauniyoyi. Magana zan yi da ku yau, kuma ba mai daɗin ji ba ce, domin abin da idona ya gani ranar Asabar ɗin nan har yanzu yana ci mini rai.

A wata makarantar firamare ta unguwarmu aka yi shi. An tara mata, yawancinsu zawarawa da iyayen marayu, tun da hantsi suna zaune a kan bencin yara. An ɗaura wani ƙyalle mai tambarin ƙungiya da rubutun Turanci, wai ana koya wa mata ɗinki da saƙa da rini don raya sana'o'in gargajiya. Keken ɗinki ɗaya tal ne a wurin, kuma na gane shi, na telan bakin layinmu ne aka aro. Sai a kira mace ta zauna a gaban keken, a ce ta ɗora hannu a kan yadi ta yi murmushi, a ɗauki hoto, ta tashi wata ta zauna. Babu wadda aka nuna wa ko yadda ake zura zare a allura. Daga nan aka kawo takarda kowa ta dangwala yatsa, gurbin da ake rubuta yawan kuɗin da aka karɓa kuwa an bar shi fayau. Aka raba musu lemo da ruwan leda da naira 1,000 kuɗin mota, aka sallame su. Kafin la'asar keke ya koma shagon mai shi.

Na ja ɗaya daga cikin shugabannin gefe, yaro ne da na san gidansu, mahaifinsa mutumin kirki. Na ce masa, "Kai, wannan wane irin aiki ne?" Ko kunya bai ji ba, ya ce, "Haba Yaya, kuɗin Turawa ne fa. Hoto da rahoto kawai suke so. In ba mu ci ba wasu ne za su ci."

Wannan magana ita ta hana ni barci. Kuɗin Turawa! Wa ya gaya muku cewa in kuɗi ya fito daga hannun Bature ya zama halal ga duk wanda ya iya ƙarya? Kuɗin nan da sunan matan nan aka nemo shi, da fuskokinsu za a rufe lissafinsa, saboda haka haƙƙinsu ne. Wanda ya cinye shi dukiyar marayu ya ci, ko da dala aka turo ko da yuro. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kun karɓi ladan, kun ajiye askar, kun ɗauki hoton kan kuturun kun aika. Wallahi ku ji tsoron Allah.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne damar nan da gaske take, kuma mu ne muka fi kowa buƙatarta. Babban ɗakin karatu na Birtaniya da ke Landan yana da shiri tun 2004, da kuɗin gidauniyar Arcadia, na ceto tsofaffin takardu da rubuce-rubucen hannu da ke gab da lalacewa. Ana ɗaukar hotonsu shafi bayan shafi, asalin takardun kuma a bar su a ƙasarsu. An yi irin wannan aiki a Mali, an yi a nan Arewa ma, har da waƙoƙin ajami na Fulatanci. Gidauniyar Prince Claus ta ƙasar Holan, wadda aka kafa a 1996, ta riƙa zaɓar matasa masu fasaha 100 a shekara tana ba kowannensu yuro 5,000 ya ci gaba da aikinsa. Hukumar UNESCO tana da asusun raya al'adu wanda yakan ba aiki ɗaya har dala 100,000. Asusun jakadun Amurka na adana kayan tarihi, wanda aka fara a 2001, ya ba da tallafi a 'yan shekarun nan don Sukur da ke ƙaramar hukumar Madagali a Adamawa, wuri na farko a Najeriya da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999. Ofishin jakadancin Japan yakan ba ƙananan ƙungiyoyi kuɗin gina azuzuwa da ɗakin shan magani da rijiyar burtsatse. Ba ma duka na Turawa ba ne. Gidauniyar TY Danjuma ta ɗan ƙasa ce, kuma ƙungiyoyin da ke aikin lafiya da ilimi take ba tallafi.

To ku dubi abin da ke gabanmu. Gidajen malamai nawa ne a Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya da Damagaram ke da tulin littattafan hannu a cikin gafaka da tsofaffin adakoki, gara tana ci, damina tana jiƙawa? Marinar Ƙofar Mata tana nan, masu rinin suna tsufa, yara ba sa gado. Makaɗan fada da na noma da na maza suna mutuwa da waƙoƙinsu a baki babu wanda ya naɗa. Ganuwa ana yanka ta ana fitar da filaye. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan aiki ne da mai hankali zai tsaya a kai shekaru, ya nemi tallafi da gaskiya ya samu. Amma ina! Ku ba aikin kuke kallo ba, sanarwar kuke jira. Yau in an ce za a ba da kuɗi kan sauyin yanayi, ƙungiyarku ta masu dashen itatuwa ce. Gobe in an ce na al'adu ne, kun zama masu kishin gargajiya, har da sayen hula da babbar riga don hoto. Jibi in na masu buƙata ta musamman ne, ku bi titi kuna tara guragu. Ƙungiya ɗaya, mutum uku, ofishinta a cikin jakar shugaba.

Har rajistar ma an mayar da ita wasa. Doka ta ce ƙungiya ta yi rajista a Hukumar CAC, mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, da kwamitin amintattu, a buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Sai ta nemi takardar SCUML, sashen yaƙi da halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, kafin banki ya buɗe mata asusu da sunanta. An yi haka ne don kada kuɗin jama'a ya zauna a aljihun mutum ɗaya. Ku kuwa amintattun naku su wa ne? Kai ne shugaba, matarka ma'aji, ƙaninka sakatare. Wa zai tambayi wa? Kuma duk wannan sai an ji ƙishin-ƙishin ɗin tallafi ake rugawa a yi shi cikin mako guda, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Masu ba da kuɗin nan suna neman tarihin aiki, da rahoton mai binciken kuɗi, da shaidar mutanen gari. Da yake babu ko ɗaya, sai a shiga ƙirƙira. A je shagon kwamfuta a buga rasit na bogi, a sassaƙa hatimin wani otal, a kwafo takardar neman tallafin wata ƙungiya ta Kenya daga intanet a canza sunan gari. Na taɓa ganin wadda aka manta ba a goge sunan kuɗin waccan ƙasar ba a cikin kasafin.

Akwai kuma 'yan uwansu a ɓarna, masu sayar da fom a WhatsApp da Facebook. Wai ka turo naira 2,000 a sa sunanka a jerin waɗanda za a ba tallafi. Ku sani, gidauniyar gaskiya ba ta karɓar kuɗin fom, ba ta da dillali a unguwa, ba ta neman lambar sirrin katin bankinka. Talakawa da tsofaffi ake yi wa wannan yankan aljihu, kuma 'ya'yanmu ne masu ilimi ke yi. Haka masu bin asibitoci suna ɗaukar bidiyon marasa lafiya a halin da ko ɗan'uwa ba ya son a gan su, a yaɗa a tara kuɗi, a ba majinyaci abin da aka ga dama. Ga sayen lambar yabo, yaro bai taɓa share ko kwatar ƙofar gidansu ba amma sunansa ya cika da Ambasada da Kwamared. Duk jirgi ɗaya ya kwaso su, son a ci ba a yi gumi ba.

Kuna tsammani masu ba da kuɗin ba su gane ba? Sun gane sarai. Suna turo mutane su je ƙauyen da aka ce an yi aiki, su tambayi mai unguwa, su nemi matan da ke cikin hoto su ce ina keken da aka ba ki. Ramin ƙarya ƙurarre ne. In asiri ya tonu ba ku kaɗai ake rufe wa ƙofa ba, yankin gaba ɗaya ake ɗaura wa alamar tambaya, domin wake ɗaya shi ke ɓata gari. Malamar da ta yi shekaru tana koyar da 'yan mata karatu a zauren gidansu da kuɗin aljihunta, in ta nema sai a ce ta kawo shaidu goma, saboda abin da kuka shuka. Mai wasan kwaikwayon da ke yawo ƙauye-ƙauye yana wayar da kai kan shaye-shaye, shi ma haka. Kuma wannan yana faruwa a lokacin da tukunyar ke ƙara ƙanƙancewa. Kowa ya ga yadda gwamnatin Amurka ta dakatar da agajin ƙasashen waje a farkon 2025 har ta kai ga rushe hukumar USAID, ayyuka da yawa suka tsaya cak a Arewa maso Gabas. Ɗan abin da ya rage ake rububi a kai da ƙungiyoyin duniya baki ɗaya, mu kuma muna zuwa da rasit na bogi.

Ba na ce kada ku nema ba. Ku nema, mai nema yana tare da samu, kuma babu laifi wanda ya yi aiki ya ɗauki albashinsa in an rubuta shi a fili cikin kasafi. Amma ku fara aikin tukuna, ku riƙe abu ɗaya, ku gyara niyya. In kun ce za ku koya wa mata 20 ɗinki, ku koya musu, in kuɗin ya isa 12 kawai ku rubuta 12.

Iyayenmu da ba su san wata gidauniya a Turai ba sun fi mu aiki. Da gayya aka yi hanyoyi, aka yashe rijiyoyi, aka yaɓe masallatai kafin damina. Islamiyyu nawa aka gina da karo-karon 'yan kasuwa da buhun gero na manoma? Marubutan Kano na ƙungiyoyi irin su Raina Kama da Kukan Kurciya da kuɗinsu suka riƙa buga littattafansu suna kai wa kasuwa, har mata a cikin gidaje suka koyi karatun boko saboda su. 'Yan wasan Tumbin Giwa da aljihunsu suka fara abin da ya zama masana'antar fim ɗin Hausa. A lokacin ma'ajin ƙungiyar unguwa dattijo ne mai littafi ɗaya da biro, ranar taro ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita har kwabo, in sule ya ɓace ba zai iya haɗa ido da jama'a ba. An san kunya, an san amana, ana gudun abin da za a faɗa a kan gidanku.

Yanzu fa? Yaro ya buɗe gidauniyar tallafa wa marayu, bayan wata uku ya shigo layi da sabuwar mota, babu mai ce masa a ina ka samu. Abokansa su ce ya waye, 'yan mata su yi ta yaba masa a Facebook, ƙannensa su fara tambayar yadda ake rajistar tasu. Mahaifinsa ma, wanda ya san ɗan nan ba ya da shago ba ya da gona, ba zai zaunar da shi ya tambaye shi ba, sai dai ya kira maƙwabta su zo su taya shi sa wa motar albarka.