Sarkin Shayi a Rijiyar Dodo

A layinmu na kasuwa babu mai ja da ni a maganar shayi. Shekara ashirin da ɗoriya ina sayar da filas da kofuna, kuma tun ina yaron shago ban taɓa wayar gari ban zauna a bencin mai shayi ba. Daga launi nake gane haɗin da aka yi wa ƙwauron madara. Idan mai shayi ya ɗaga kofi sama yana sheƙawa, ƙarar zubar kaɗai ta ishe ni in san kauri ne ko ruwan bunu aka yi wa kwalliya. Abokai Sarkin Shayi suke ce mini, ni kuma ban taɓa cewa su bari ba.

Da wannan sarautar na tafi Chaina a ƙarshen watan Afrilu, sarin filas a Yiwu. Mai masana'antar da nake saye a hannunsa, wanda kowa ke kira Laoban, wato maigida da yarensu, ya ji daɗin cinikin da muka yi, sai ya ce gobe zai kai ni Hangzhou in sha shayin da suke alfahari da shi. Tafintana wani yaro ne ɗan Damagaram da ke karatu a can. Na ce masa, "Faɗa masa ya gamu da gwani. Ka ce a Kano ni ake kira idan gardamar shayi ta tashi."

Yaron ya dube ni. "Baba Alhaji, haka zan faɗa?"

Na ce haka za ka faɗa, kada ka rage ko wasali. Baki dai shi ke yanka wuya.

Da safe na ƙi karyawa. A lissafina duk inda aka girka shayi akwai burodi da wainar ƙwai a kusa, to me zai sa in cika cikina da abincin otal? Muka hau jirgin ƙasan nan nasu mai gudun tsiya, ba mu cika awa guda ba muka sauka. Mota ta zaga da mu ta gefen Tafkin Yamma, wanda suke kira Xi Hu, ta shiga tsakanin tsaunuka zuwa wani ƙauye mai suna Meijiawu. Gaskiya wurin ya yi kyau. Layukan shayi sun bi jikin tudu kamar an zaunar da duwatsun an yi musu kitso.

A hanya Laoban bai yi shiru ba. Sunan shayin Longjing, ma'anarsa Rijiyar Dodo, dodon nan nasu mai jikin maciji da suke zanawa a ko'ina. Wani sarkinsu Qianlong, wanda ya hau gadon mulki a 1735, ya zo yankin ya sha ya yaba, har aka keɓe masa bishiyoyi 18 a gindin tsaunin Shifeng, wato Dutsen Zaki, kuma har yau mutane na zuwa kallonsu. A raina na ce, sarkin Sin guda da bishiya goma sha takwas? Mai unguwarmu ma ya fi haka darbejiya a ƙofar gida.

A bakin gidan da muka sauka wani dattijo na zaune gaban wani babban kasko mai zafi, yana juya ɗanyen ganye da tafin hannunsa, babu cokali babu muciya. Ya danna ganyen a jikin kaskon, ya zame shi, ya ɗaga ya watsa, ya sake dannawa. Yaron ya ce dannawar ce ke sa ganyen ya fito a shimfiɗe kamar agushi, zafin kuma shi ke hana shi yin baƙi. Ashe da koren shayi da baƙin da muke sha da madara duk bishiya ɗaya ce, a sarrafawa suka rabu. Na ce wannan ai aikin mai gyaɗa ne, bari in taɓa. Na naɗe hannun riga na tsoma. Abin da na faɗa a lokacin na roƙi yaron kada ya fassara. Dattijon ya buɗe mini tafinsa yana dariya, na ga fatar ta yi kanta kamar ƙasan takalmin Bafulatani.

Da yatsa uku a baki na shiga ɗakin ɗanɗano.

Tebur ne na katako, babu burodi, babu ƙwai, ko gwangwanin madara babu. Uwargidan ta jera kofunan gilashi dogaye guda uku a gabana, ta ɗauko buta ta zuba ruwan zafi kaɗan a na farko. Na ga kowa ya yi shiru yana kallona, na ce to an zo wurin. Na ɗaga kofin na duba shi ta hasken taga kamar yadda na ga masana na yi a talabijin. Na shinshina. Na kurɓa, na juya a baki, na lumshe ido, na gyaɗa kai a hankali.

"Faɗa musu," na ce, "ba shi da nauyi, amma akwai wani ƙamshi can ƙasa-ƙasa. Ba kowa zai ji shi ba."

Yaron ya matso kusa da kunnena. "Baba, ruwan ɗumama kofi ne. Zubarwa za ta yi. Ba a sa ganyen ba tukuna."

Na ce na sani, ruwan garin nake gwadawa. Allah ya taimake ni ashe su ma suna ji da ruwa, har akwai wata maɓuɓɓuga a Hangzhou mai suna Hupao da suke cewa ruwanta ne abokin Longjing. Laoban ya ɗaga mini babban yatsa. Uwargidan dai ba ta ce komai ba, amma na ga kafaɗunta na motsi.

Ta auna ganye kamar giram 3 a kowane kofi, ta miƙo mini in shinshina tun yana busasshe. A nan kam ba ƙarya, akwai ƙamshi, kamar gurjiyar da aka sauke daga wuta yanzu, da ɗan ƙamshin ɗanyen wake. Sai ta ajiye butar gefe ta naɗe hannu. Minti ɗaya, minti biyu. Na tambayi yaron ko gas ne ya ƙare. Ya ce a'a, jira take ruwan ya sauko zuwa wajen digiri 80, don tafasasshen ruwa yana ƙona ɗanyen tsiro ya fito da ɗaci. Ni da na tashi na ga ana barin tukunyar shayi kan wuta daga asuba zuwa hantsi, sai na ji abin kamar a ce maka ana tuƙa tuwo da ruwan randa.

Ta zuba. Babu rariya, babu mataci, ganyen na cikin kofin da za ka sha. Ya taso sama ya yi cincirindo, can ya fara sauka ɗaya bayan ɗaya, wasu a tsaye kamar masu jiran a tayar da sallah. Su Laoban sai kallo suke suna murmushi, wai kallon ma yana cikin shan. Ni yunwa nake ji. Na kai baki tun bai gama sauka ba, na tashi da ganye biyu a gashin baki ɗaya a haƙori. Da su na yi sauran alƙalancin, don yaron nan bai faɗa mini ba sai a mota.

Kofi na farko ruwansa fayau, kamar wanda aka ɗauraye alayyahu a ciki. Na kurɓa ban ji komai ba. Na biyu da ɗan dama-dama. Na uku kuwa ya yi rawaya sosai, ina kurɓa ya kama mini harshe ya murɗe. Na ce yauwa, ga shayi! Na gyara zaman hula na yi jawabi. Na ce na farko a ba masu jego, na biyu a ba yara, na uku shi ne na maza, kuma duk wanda ya san shayi ba zai yi minti guda yana tunani ba.

Yaron ya fassara, ko dai ya fassara rabi. Ɗakin ya yi tsit.

Sai Laoban ya yi gyaran murya ya yi bayani cikin ladabi, irin ladabin da ya fi mari zafi. Na farkon shi ake kira mingqian, wanda aka tsinka kafin bikin Qingming da ke faɗowa ranar 4 ko 5 ga Afrilu, lokacin da bishiyar ta farfaɗo daga sanyi ta fitar da tsiron farko. Da hannu ake tsinkarsa, tsiro ɗaya da ɗan ganyen da ke jikinsa, sai an tara dubun dubata kafin a samu rabin kilo. Da ya faɗi kuɗin na juya shi zuwa naira a waya, na ga ragon layya har da canjin gawayi. Na biyun yuqian ne, wanda aka tsinka bayan bikin zuwa wajen 20 ga wata, shi ma mai daraja ne amma bai kai wancan ba.

"Na ukun fa?" na tambaya.

Yaron ya sunkuyar da kai. "Ragowar ganyen bara ne, Baba. Ta ce da shi take dafa ƙwai."

Mai hankali a nan zai yi shiru. Ni kuwa sai na ga ai laifin na farkon rashin sukari ne. Dama ba na tafiya ba tare da ƙwayoyin sukari a aljihu ba. Kafin yaron ya riƙe hannuna na jefa biyu a cikin ragon layyar nan, na ɗauki biro na juya. Uwargidan ta yi wata 'yar ƙara irin ta wadda aka gaya wa an fasa auren 'yarta ranar kamu.

Amma matar nan tana da haƙuri. Ta kwashe kofin, ta sake haɗa sabo, ta zauna a gabana kamar malamar allo. Ta nuna mini in kurɓi kaɗan, in bar shi a kan harshe, in haɗiye, in rufe baki in jira. Na yi. Da farko babu komai sai ɗan ɗaci siriri. Can sai na ji wani zaƙi na tasowa daga maƙogwaro, yawu na tsattsafowa ta gefen harshe, alhali ba a sa ko ƙwayar sukari ba. Na buɗe ido na ce, "Kai! Wannan ai goro ne!" Duk wanda ya taɓa tauna farin goro ya kora da ruwan sanyi ya san zaƙin da nake nufi, wanda ɗaci ke wucewa ya bari a baya. Yaron ya yi musu dogon bayanin goro. Ta tafa hannu ta ce huigan, wato zaƙin da ke dawowa, kuma shi ne babban abin da suke nema a shayi mai kyau. Duk yinin ranar wannan ce kaɗai maganar da na faɗa daidai, ita ma goro ne ya faɗa mini.

Daɗin yabo ya sa na shanye kofin tas. Ta ƙara ruwa. Na shanye, ta ƙara. Ashe su ba sa ƙarar da kofi, sukan bar kashi ɗaya cikin uku a ƙara ruwa a kai. Na lura duk lokacin da aka zuba wa Laoban sai ya ƙwanƙwasa tebur da yatsa biyu, na ɗauka alamar ya isa ce. Na ƙwanƙwasa. Ta yi murmushi ta cika. Na ƙwanƙwasa da ƙarfi, ta canza sabon ganye ta cika. Daga baya na ji ashe godiya ce. Wai sarkin nan Qianlong ne ya taɓa ɓad da kama ya zuba wa bafadensa shayi, bafaden ba halin ya faɗi gaisuwa asiri ya tonu, sai ya durƙusar da yatsunsa a kan tebur. Ni ina ta dukan tebur ina neman ceto, ita tana ganin ba ta taɓa baƙo mai godiya irina ba.

A kofi na bakwai na ji ɗakin ya fara juyawa. Zuciya na bugawa kamar kalangu, gumi ya karyo, hannu na rawa. Na ce wa yaron ya tambaye su me suka sa a ciki. Ya ce ba komai, suna kiransa cha zui, buguwar shayi, tana kama wanda ya sha koren shayi da yawa cikinsa babu komai.

"Buguwa? Ni? Sau biyu na sauke farali!"

Uwargidan ta yi magana tana nuna aljihuna. Yaron ya cije leɓe. "Ta ce maganinsa abu mai zaƙi. Wai yanzu ne lokacin sukarin naka."

Haka na zauna a kan dakalin gidan mutane, yatsu uku a ƙone, ina tsotsar sukari kamar yaron da aka yi wa allura, tsohon nan mai kasko yana yi mini fifita da malafa.

Da za mu rabu Laoban ya ba ni ɗan ƙaramin gwangwani na mingqian ɗin. Na dawo Kano da shi a aljihun gaba, tare da fasfo. A majalisa kuwa labarin da na bayar ya ɗan bambanta da wannan.

Mai gadinmu Buzu ne daga Agadas, kullum da 'yar butarsa shuɗiya a kan gawayi. Shayin da yake dafawa ma daga Chaina yake zuwa, irin mai dunƙule kamar harsashi, wanda asalinsa jihar Zhejiang ce, jihar da Hangzhou take. Na ce bari in nuna masa yayan shayinsa. Na miƙa masa gwangwanin, na fara bayanin digiri 80, sai waya ta shigo daga kasuwa, kwantena ta iso. Na shiga gida ina magana.

Da na fito bayan rabin awa, rabin gwangwanin na cikin buta yana tafarfasa. Ya zuba sukari cikin hannu guda, ya sa na'ana'a, yana ta sheƙawa daga sama har kumfa ta tashi. Ya kurɓa, ya ɓata fuska, ya sake kurɓa.

"Alhaji, nawa ka sayi wannan?"

Na kasa magana.

"Ko nawa ne an cuce ka," ya ce. "Ba shi da ƙarfi ko kaɗan. Amma bari in gyara maka."

Ya kwance ƙullin ledarsa ya ɗebo nasa ya watsa a kai.