Ranar da na ce zan wanke wa Kawu bindiga

Saura kwana uku ƙaramar Sallah Kawu ya aiko a kira ni. Kun dai san shi, ciwon baya ya hana shi sunkuyo amma bai hana shi ba da umarni ba. Bindigar tokar nan tasa da yake bugawa a tawagar hakimi ranar hawa, tun bara da ya jingine ta bayan ƙofa ba wanda ya taɓa, damina guda ta wuce a kanta. Ya ce in kai wa maƙeri ya wanke. Na ce, "Haba Kawu, wankin bututun ma sai an biya kuɗi? Bar mini." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "To, malamin makaranta." A lokacin yabo na ɗauka.

Na kafa ido a bakin bindiga ina haskawa da tocilar waya. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. Ciki baƙi ƙirin, ga tsatsa ja-ja. Na juye man keken ɗinkin uwargida, kwalbar duka, ko gezau. Na ƙaro baƙin mai daga wurin mai gyaran babur, sai dattin ya koma kwalta. Can ƙasa kuma akwai wani abu mai tauri da na yi ta caccaka da ƙarfen ɗuri, ya ƙi motsi. Na yage tsohuwar singileti na naɗa wa ƙarfen na tura da ƙarfin tsiya. Da na ja, ƙarfe ya fito tsirara, tsumma ya ce ya samu gida.

Sai dabara ta zo mini: in ɗora gindin bututun a murhu, tsumma ya ƙone ya zama toka, magana ta ƙare. Uwargida na tuyar cincin ɗin Sallah, ta ce wallahi ba a murhunta ba. Har na yi mata jawabi a kan mata da rashin fahimtar kimiyya. Allah Ya yafe mini.

Dole na naɗe ta cikin tabarma na nufi maƙera, takardar izinin Kawu ta 'yan sanda a aljihu, don a wannan zamani mutum da doguwar tabarma a kafaɗa kowa sai ya waiwaya.

Wa zan tarar a zaune? Mai facin tayar nan. Ni har yau ban gane lokacin da yake facin ba, kullum yana maƙera yana cin gyaɗar mutane. Wannan ne fa da ya karɓi dubu biyu a hannuna tun azumin bara wai matarsa za ta haihu, kuma har yanzu da cikin take yawo a bakinsa, in ka tambaya ya ce ai sai an yi suna. Shi ne ya yi mini facin da ya fashe a hanyar ɗaurin aure, na tura babur cikin rana da babbar riga, da na koma ya ce laifin titi ne. Mutumin da ko sisi ba ya mayarwa, amma in dariyar wani ce shi ne limami.

Baba maƙeri ya lanƙwasa bakin wata waya kamar ƙugiya, ya murɗa, ya zaro tsummana yana ɗigar da baƙin mai. Don in rage kunya na shiga ba su tarihi, cewa Turawan Denmark ne suka riƙa kawo irin wannan bindiga ta bakin teku, wajen ƙasar Gana ta yau, kafin maƙeranmu su koyi ƙera tasu. Baba bai ce uffan ba. Ya zura ƙarfen ɗuri har ya tsaya, ya dafe wurin da babban yatsa, ya zaro, ya gwada shi a jikin bututun ta waje. Ƙarfe bai kai gindi ba. Saura yatsu huɗu.

"Malam, me ka ce kana caccaka a ƙasa?"

Na ce, "Datti ne, Baba, mai taurin kai."

"Ɗurin bara ne. Albarushi ne da toshiyarsa."

Maƙera ta yi tsit, har yaron da ke zuga ya saki mazugi. Na tuna idona a bakin bututu. Na tuna tocila. Da na yi shiru da an rufa mini asiri, amma bakina da ba ya shawara da ni sai ya ce, "Ikon Allah, har na so in ɗora ta a murhu."

Mai faci ya faɗo daga benci. Ba ƙari nake yi ba, ƙasa ya kai, gyaɗa ta watse. Ya tashi ya kwaikwayi yadda cincin zai tashi sama, ya kwaikwayi uwargida da matsami a hannu, ya kwaikwayi ni ina bayanin Denmark ba gira. Duk wanda ya shigo sai ya faro masa daga farko, kuma kowane zagaye sai labarin ya yi ƙiba. Kafin la'asar na ji an ce har na hura wutar. Baba kuwa ko murmushi bai yi ba, wanda ya fi dariyar ciwo. Cewa kawai ya yi, "Ka gaishe da matarka. Ita ce mai ilimin gidan."

Ya fara jiƙa ɗurin da ruwa ya kashe shi, ya zaro shi guntu-guntu. Sannan ya ce dattin albarushi ruwa yake so, ba mai ba: shi ke jawo laima ya haifi tsatsa, in ka zuba masa mai kuma ya daskare. Ya toshe 'yar hudar da wuta ke shiga, ya cika bututun da tafasasshen ruwa da sabulu, ya girgiza, ya ce in riƙe masa kwano. Ruwan ya fito baƙi, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, rabinsa a kwano rabinsa a farin wandona. Sau biyar ana yi kafin ya fito garau. Zafin ruwan ne ya busar da ƙarfen, sai ya ɗiga mai kaɗan a tsumma, ɗan ƙarami wannan karon, ya goge. Ramukan da tsatsa ta ci kuwa ya ce sun zauna ke nan.

Ninki biyu ya caje ni, wai ɗaya na bindiga, ɗaya na ɓarnata.

Da na mayar wa Kawu na zaci zai firgita. Ya ɗan yi tunani ya ce, "Af, shi ya sa bara na ƙirga bugu shida alhali bakwai na ɗura." Ya karɓi abarsa ya jingine bayan ƙofa.

Uwargida dai tana bina kwalbar man keke. Shi kuwa mai faci jiya ya hango ni daga nesa ya ɗaga murya, "Malam, a hura wuta ne?" Dubu biyuna ko zancenta bai yi ba.