Gwajin fitsari a jami'o'in Amurka: ɗalibi kaɗai ke shan bulala

A watan Disamba na 2018, ana saura 'yan kwanaki jami'ar Clemson ta buga wasan kusa da na ƙarshe na ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka, sai aka sanar da cewa an ga sinadarin ostarine, mai gina tsoka, a fitsarin 'yan wasanta uku. Yaran suka ce ba su san ta inda ya shige su ba. Daga baya kocinsu Dabo Swinney ya ce ba mamaki a cikin abin da makarantar ta ba su ne bisa kuskure. Ɗaya daga cikinsu, Dexter Lawrence, ya wuce gasar ƙwararru ta NFL. Sauran biyun suka ɗaukaka ƙara, aka yi watsi da ita, suka yi asarar kakar wasa. Clemson kuwa ta ɗauki kofinta, ba wanda ya taɓa shi.

Hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta fara gwajin ƙwayoyi a 1986. Dokarta ba ta da kwana-kwana: duk abin da ya shiga jikinka, kai ke da alhakinsa, da saninka ko babu. Wanda aka kama da maganin ƙara kuzari zai yi kwana 365 a benci. Ko sinadarin kafeyin da ke cikin kofi, idan ya haura maikurogiram 15 a kowane mililita na fitsari, ya zama laifi.

Ban ga aibin wannan tsauri ba. Da za a karɓi "ban sani ba" a matsayin uzuri, da ba mai laifi ko ɗaya a duniya. Inda gizo ke saƙar shi ne kasuwar garin ƙarin ƙarfi da ake sayarwa a gwangwani. Tun dokar 1994, a Amurka kamfani ba ya buƙatar amincewar hukumar abinci da magunguna ta FDA kafin ya fito da irin wannan kaya. Yaro ɗan shekara 19 zai karanta bayan gwangwani, ya ga bitamin da furotin, ya dama a ruwa ya shanye, alhali abin da zai kashe masa karatu da wasa ba a rubuta shi ba. Kamfani ya ci riba, makaranta ta ci kofi, shi kuma ya ci dakatarwa. Idan har jami'a ce ke ɗaukar masu tsara wa yaran abinci da likitoci, tana kuma samun miliyoyi da guminsu, me ya sa ba za a ci ta tara ko a rage mata maki ba idan 'yan wasanta uku suka faɗi gwaji a lokaci guda?

Maganar ta shafe mu, domin 'yan tserenmu da dama ta jami'o'in can suka fito, kamar Tobi Amusan da ta yi karatu a El Paso ta jihar Texas. Irinsu dokoki biyu ke kansu, kuma ba su zo ɗaya ba. A 2024 NCAA ta cire tabar wiwi daga jerin haramtattun abubuwa a babban rukuninta, amma WADA, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, har yanzu ta hana ta a lokacin gasa. A farkon shekarar ne ma WADA ta ƙara tiramadol a jerinta, wanda a nan samari ke haɗiya kamar gyaɗa.

Mu ma mun ga yadda sakacin manya ke faɗawa kan yara. A gasar Olamfik ta Tokiyo an hana 'yan wasan guje-guje da tsalle-tsalle na Najeriya 10 shiga fili, ciki har da Favour Ofili, ɗalibar jami'ar jihar Louisiana a lokacin. Ba a kama su da komai ba. Gwaje-gwajen da ya kamata a yi musu kafin gasa ne ba a cika ba, sai da suka isa Japan suka ji labari.