Sharhi: Abin da kiɗan gamelan ke gyarawa a aikin rukuni na ɗaliban jami'a

Duk wanda ya yi karatu a jami'ar da ke tara ɗalibai daga ƙasashe daban-daban ya san inda aikin rukuni kan dosa. Malami zai haɗa mutum biyar ya ba su aiki guda, amma kafin a yi mako biyu wanda ya fi iya Turanci ya karɓe ragama, ɗan Sin da ɗan Najeriya da 'yar Turkiyya kuwa sun koma 'yan rakiya, saboda kafin su gama harhaɗa abin da za su faɗa an riga an wuce wurin. Wannan ne ya sa nake ganin jami'o'in da ke koya wa irin waɗannan ɗalibai kiɗa a rukuni sun kama hanya mai ɓullewa.

Misalin da ya fi fito da batun fili shi ne gamelan, kiɗan tsibiran Java da Bali na Indonesiya, wanda UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun gado a 2021. Tun a shekarun 1950 Mantle Hood, wani Ba'amurke masanin kiɗa, ya shigar da shi Jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles, bisa hujjar cewa ɗalibi ba zai fahimci kiɗan wasu mutane ba sai ya kaɗa shi da hannunsa, kuma a yau ana koyar da shi a SOAS, makarantar nazarin ƙasashen Gabas da Afirka ta Landan, da Jami'ar York da wasu da dama.

Ɗalibai kan tuɓe takalma su zauna a ƙasa, kuma ba a tsallake kayan kiɗan, don girmamawa. Mai kaɗa saron, wato jerin sillayen tagulla da aka jera bisa katako, yana buga ɗaya da 'yar guduma, a lokaci guda kuma ya kama wanda ya buga a baya da yatsunsa don ya kashe amonsa. Mai babban gong kuwa, wato ƙaton faifan ƙarfe da ake ratayewa, sai ya yi ta ƙirge a zuciya, wani lokacin har bugu talatin da biyu, kafin ya yi nasa bugun ɗaya tak, kuma idan ya yi sakaci babu wanda ba zai ji ba a ɗakin. Babu mai sanda a tsaye yana ba da umarni, domin mai ganga ne ke sanar da gudu ko sassautawa, saboda haka dole kowa ya kasa kunne. Hatta wanda ya taso yana buga fiyano bai fi sauran da komai ba, tun da tsarin sautin slendro mai murya biyar da na pelog mai bakwai ba su dace da abin da kunnensa ya saba ba. A nan malalaci ba shi da wurin ɓuya, mai kaifin baki kuma bakinsa ba zai yi masa rana ba.

Masu suka na cewa zangon karatu ɗaya ba ya mayar da kowa makaɗi, kuma gaskiyarsu ce. Amma ai ba don a yaye makaɗa ake kwas ɗin ba. Damuwar da ta fi cancantar kulawa ita ce ta ɗalibin da addininsa ya sa yake ɗari-ɗari da kiɗa, kuma shi kam bai kamata a tilasta masa ba, ko da yake yana da kyau ya san cewa a biranen Yogyakarta da Surakarta na Java ana kaɗa gamelan a harabar babban masallaci lokacin bikin Sekaten na Maulidi.

Inda jami'o'i za su iya yin kuskure shi ne su ɗauki darasin a matsayin nishaɗin yamma. Idan ana so ya yi tasiri, sai a ba shi maki kamar kowane kwas, a auna halartar atisaye tare da wasan ƙarshen zango, sannan a ɗauko ƙwararrun malamai daga Indonesiya a kan cikakken albashi, maimakon a riƙa gayyatarsu ranar biki kawai.