Jan ƙarfe da hayaƙin da muke saki sama

Jama'a, duk sanda na ga ɗan gwangwan yana ƙona waya don ya zare jan ƙarfen cikinta, sai in tuna cewa masana sinadarai sun shafe shekara 40 suna kai ruwa rana da wannan ƙarfen.

Abin da suke yi shi ne: a zuba iskar kabon dayoksaid, wadda ke cikin hayaƙi kuma take ɗumama yanayi, cikin ruwa mai gishiri, a tsoma farantin ƙarfe, a saki lantarki don a mai da ita wasu sinadarai masu amfani. In farantin zinariya ne ko azurfa, kabon monoksaid za a samu. Kuza da dalma su ba da wani sinadari da ake kira fomet. Filatinam kuwa ruwan yake fasawa, ya fitar da haidurojin. Tun daga 1985 Yoshio Hori na Jami'ar Chiba a Japan ya nuna cewa jan ƙarfe ya wuce nan. Yana ba da mitan, wato iskar gas mai kama wuta, yana ba da etilin, sinadarin da ake yin ledar da mai tumatir ke ƙulla mana kaya a kasuwa.

Sirrin a riƙo yake. Zinariya tana sakin kabon monoksaid da wuri, filatinam ya damƙe ya ƙi saki. Jan ƙarfe yana riƙewa daidai gwargwado, har ƙwayoyin kabon biyu su samu damar haɗuwa su ba da etilin. Wallahi wannan yana burge ni matuƙa.

Amma ina roƙon mu daina yaɗa cewa an gama da matsalar ɗumamar yanayi. Jan ƙarfe ba ya zaɓe. A 2012 masana a Jami'ar Stanford sun ƙirga sinadarai 16 da yake fitarwa a cakuɗe, kuma tace su kuɗi ne. A 2018 wata tawaga a Toronto ta sa kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin da ta saki ya tafi wajen yin etilin, sai dai ruwan kanwa-kanwa da suka yi amfani da shi yana shanye iskar ya mai da ita kabonet, wato wani irin gishiri. Fuskar ƙarfen ma tana sauya kama ana cikin aiki.

Sannan wuta. Kowace ƙwayar etilin tana cin ilektaron (ƙwayoyin lantarki) 12. In daga kwal ko janareta mai dizal wutar ta fito, hayaƙin da aka saki ya fi wanda aka kama.

Ni abin da nake jira in gani shi ne inji ɗaya da zai yi shekara cur yana aiki da hasken rana ba a sauya masa faranti ba.